Ƙafar Mak Timoh

Akwai wasu malaman jinya biyu a wani asibiti a nan Narathiwat, Suwaibah da Rokiyoh. Dukkansu daktoci ne na karatu, wato masu digiri na uku, amma Suwaibah a fannin bincike ta yi nata digirin, Rokiyoh kuwa a fannin kula da majinyata.

Aka haɗa su bincike kan gyambon ƙafar masu ciwon suga. Suwaibah ta tsara a riƙa kiran mutanen ƙauye a waya duk mako, a tambaye su ko gyambon yana warkewa.

Rokiyoh ta ce, "Ƙanwata, tsofaffinmu ba sa ce wa ma'aikacin asibiti a'a. Sai an je an cire takalmin an gani."

"Yaya, wannan bincike ne, ba wankin gyambo ba. In an canja tsari a tsakiya, sakamakon ya lalace."

"To, Malama mai lissafi, Allah ya ba da sa'a."

Daga ranar Rokiyoh ta kama bakinta. Fushi ne, ba haƙuri ba.

Cikin waɗanda ake kira akwai Mak Timoh, tsohuwa mai tatsar itacen roba. Tun asuba ƙafarta tana cikin takalmin roba, cikin zufa da laka. Duk mako amsarta ɗaya: "Da sauƙi, 'yata, Alhamdulillahi."

Mako na tara aka kawo ta a bayan mota. Ƙafar ta yi baƙi har idon sawu. Likita ya duba sau ɗaya, ya ce sai yanka.

Daktocin nan biyu suka tsaya a ƙofar tiyata. Ba abin da karatunsu zai yi.

Da tsohuwar ta farfaɗo, Suwaibah ta durƙusa. "Mama, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In na ce da sauƙi, sai in ji muryarki ta yi daɗi. Ya zan ɓata wa yarinya aikinta?" Ta kalli inda zanen ya kwanta babu ƙafa. "Yanzu wa zai tatsar mini itatuwan?"

Rokiyoh ta ce a hankali, "Na san haka za a yi, kuma ban je ba."

Yanzu tare suke shiga ƙauyuka, ɗaya tana dubawa, ɗaya tana rubutawa. Mak Timoh dai tana zaune a gida.

Darasi: In Allah ya raba muku ilimi, kada girman kai ya hana ki saurare, kada fushi ya hana ki magana. Wanda ba ya cikin gardamar shi ke cutuwa. Ku tura wa abokan aikinku.