Zailani da Kiɗan Ɗantsoho

Akwai wani saurayi a garin Daura mai suna Zailani, makaɗin garaya. Hannunsa na da daɗi, wannan kam ba mai musu. A wajen kawunsa Maliki ya koya, wani tsoho a yankin Sandamu da ke yi wa manoma kiɗa ranar gayya.

Amma tunda Zailani ya shigo cikin gari ya fara sa shadda mai sitati, sai sunan kawun ya yi masa nauyi a baki. In an tambaye shi inda ya koya, sai ya kau da zance.

Ana nan sai wani mawaƙin biki mai suna Nu'uman ya sa aka yi cigiya, yana neman mai garaya da zai shiga cikin yaransa. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk wanda ya zo ya faɗi hannun da ya koya a ciki. Ya ce daga nan yake gane ko tafiyarsu za ta zo ɗaya.

Zailani ya yi ta juya maganar. Ya ce Maliki? Mai kiɗan gona? Ai dariya za su yi masa.

Sai ya tuna da marigayi Ɗantsoho Mai Garaya, wanda har gobe makaɗa ke sunkuyar da kai in an ambace shi. Zailani bai taɓa ganinsa ba. Abin da yake da shi kawai wani tsohon kiɗansa ne da aka tura masa a waya, an kwafo daga kaset. Kiɗan na da wani irin daɗi mai tayar da tsigar jiki, sai dai a tsakiya yake yankewa. Zailani ya haddace shi tsaf har inda ya yanke.

Bayan la'asar ya isa zauren Nu'uman. Ya tarar da shi zaune da Kabo, mai kiɗa masa kalangu.

"Samari, a hannun wa aka koya?" in ji Nu'uman.

"Ɗantsoho, maigida. Ni ne yaronsa na ƙarshe."

Kabo ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗin? Lokacin da Ɗantsoho ya rasu ai ko wando ba ka fara sawa ba."

"Haka jikina yake, ba na tsufa," in ji Zailani. Suka yi dariya, ban da Nu'uman.

"To madalla. Amma ka san ba kowane kiɗan Ɗantsoho ake taɓawa ba ko? Shi kansa ya tuba da wasu kafin ya rasu."

"Haba maigida, ni za a gaya wa?"

Ya gyara zama, ya ɗora yatsu a kan tsirkiya, ya ɗauko kiɗan nan na waya.

Bai yi nisa ba sai dakan da ake yi a cikin gida ya tsaya. Kajin da ke tono a ƙofar zaure suka watse. Kabo ya sauke kalangunsa a hankali, fuskarsa ta canza.

"Kai, tsaya!" Nu'uman ya daka tsawa. "Wannan ai kiɗan kira ne!"

Ashe kiɗan bori ne, na kiran wani iska. Ashe kuma mahaifiyar Nu'uman, Iya Kubura, ta yi bori a ƙuruciyarta. Ta daɗe da tuba, ta je Makka, kullum tana sahun gaba a Islamiyyar matan unguwa. Rabon da a ji irin wannan kiɗa a unguwar tun kafin zuwan shari'a.

Labulen cikin gida ya ɗaga. Iya ta fito ba mayafi, ba takalmi, carbi na rataye a yatsanta. Tsohuwar da sai da sanda take tashi, ga ta tana taku a miƙe kamar wani basarake. Idonta a buɗe, amma ba kowa take kallo ba.

Zailani ya ɗauke hannu daga garayar. Nan take Iya ta dafe maƙogwaro, numfashinta ya sarƙe, ta fara kakari.

"Ci gaba!" in ji Kabo. "In ka yanke a nan kashe ta za ka yi!"

Ya ci gaba, numfashinta ya dawo. Ta zauna a gabansa, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman maza.

"Sallame shi," in ji Nu'uman. "Don Allah yi kiɗan sallama, ya tafi."

"Wanne ne... kiɗan sallama?" in ji Zailani.



"Ɗantsoho ba ya koya wa yaro kira sai ya iya sallama," in ji Kabo. "Innalillahi. Ka buɗe mana ƙofar da ba ka san yadda ake rufe ta ba."

Kabo ya fita da gudu neman malamin unguwa. Zailani kuwa in ya kai inda kaset ya yanke, sai ya koma farko. Ya kai, ya koma. Ya kai, ya koma. Zufa ta jiƙa shaddar, yatsunsa suka fashe, tsirkiyar ta yi ja.

Sai Iya ta buɗe baki. Muryar da ta fito ba tata ba ce, muryar namiji ce mai kauri.

"Na san hannun Ɗantsoho. Wannan ba shi ba ne. Yaron wa ke kirana?"

Zailani ya fashe da kuka. "Yaron Maliki ne! Maliki na Sandamu, mai kiɗan gayya!"

"To me ya kai ka ƙofar da ba taka ba?"

Ana haka malam ya shigo da sallama, ya durƙusa ya fara karatu a kanta. An daɗe ana fama. Dab da magariba Iya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin ɗanta. Abin da ta fara cewa shi ne, "Wayyo, wa ya fito da ni zaure ba mayafi?" Ta rufe fuska tana kuka, tana istigfari.

Nu'uman bai zagi Zailani ba. Ya raka shi ƙofa, ya ce, "Ni mai hannun ƙauye nake nema, irin wanda ke sa tsofaffi rausaya a wajen biki. Da Maliki ka ce, da ko garayar ba sai ka taɓa ba. Je ka, Allah ya shirye mu."

Iya ta yi jinya, Allah ya ba ta lafiya. Shi kuwa Zailani, daga ranar duk kiɗan da ya ɗauko, ko na aure ko na gona, yatsunsa sai su zame su koma wancan. Ya sayar da garayar, ya koma acaɓa.

Masu hawa bayansa sun ce har yanzu in ya tsaya jiran fasinja, za ka ga yatsunsa na taɓa tankin mashin a hankali, shi bai ma sani ba. In yatsun sun kai wani wuri a kiɗan sai su tsaya cak, su koma farko.

Darasi: 'Yan uwa, kada ka ji kunyar wanda ya koya maka, komai ƙanƙantarsa a idon mutane. In ka ari sunan wani don a ɗauke ka, za a ɗora maka kayansa, kuma cutar ba a kanka kaɗai za ta tsaya ba. Ka faɗi gaskiyar inda ka fito. Allah ya tsare mu da abin da ya fi ƙarfinmu. Don Allah ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai shirin yin irin ta Zailani.