Tasalla da Shimfiɗar Zomanya

To, ku matso kusa, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo, kunnuwanmu a buɗe.

An yi wata mata mai daddawa, sunanta Tasalla. Ba ta da akuya, ba ta da tunkiya, sai zomanya guda fara tas, wadda take ji da ita kamar 'yar cikinta. A daminar bara zomanyar ta haihu a kan ƙasa mai laima, sanyi ya kama 'ya'yan, suka mutu duka. Tasalla ta kwashe su tana kuka ta kai juji, tunda ba a cin mushe. Dila kuwa yana laɓe bayan juji. Ya cinye, ya lashe baki, ya ce lalle baɗi ma sai an sake.

Damina ta dawo, zomanya ta sake ɗaukar ciki. Ruwa kullum, ɗakin zomaye ya jiƙe sharkaf, ciyawar daji duk ɗanya. Zomanya ta ce, "Inna, haihuwa ta matso. In na sauke su a kan wannan ƙasa, abin bara za a maimaita."

Tasalla ta ce, "Ba za a maimaita ba, in Allah ya yarda." Ta faɗa ne kawai, don cinikin daddawa bai kai ya sayi harawar kasuwa ba.

Ana nan sai ga sallama. Dila ne, ya sha rawani, buhu a kafaɗa. Ya ce, "Inna, na ji kina neman shimfiɗar zomo. Ga garin katako daga wurin kafinta, ji ƙamshi! Kyauta na kawo, don zumunci."

Tasalla ta yi godiya har da durƙusawa. Sai dai matar nan tana da wata ɗabi'a, ni kam tana burge ni. Ta zazzage garin a tsakar gida ta ce, "Malam, zomo a kan shimfiɗarsa yake kwanciya, ita yake shaƙa, ita yake ci. Bismillah, mu fara gwadawa ni da kai."

Suka tsugunna, suka cusa hanci. Tasalla ta yi atishawa ɗaya. Dila ya yi ta jerawa, atsha, atsha, har rawani ya warware, hawaye shaɓe-shaɓe. Ashe garin katakon da aka shafa wa fenti ne. Tasalla ta ce, "Ka ga mu manya ke nan. Ina ga jariri mai hanci kamar ƙwayar gero?" Dila ya naɗe rawaninsa ya fita.

Bai daddara ba. Washegari ya sake dawowa da wani buhun ya ce, "Inna, ga niƙaƙƙen yumɓu, laushi kamar garin tuwo. Yana shanye fitsari nan take. Kyauta na kawo, don zumunci."

Tasalla ta ce, "Malam, zomo a kan shimfiɗarsa yake kwanciya, ita yake shaƙa, ita yake ci. Bismillah."

Ta lasa kaɗan. Dila, don a yarda da shi, ya ɗiba da yawa ya watsa a baki. Yumɓu ya haɗu da yawu ya dunƙule, baki ya liƙe, Malam ya kasa ko sallama. Tasalla ta miƙo masa ruwa a moɗa, tana danne dariya, ta ce, "Yadda ya dunƙule a bakinka, haka zai dunƙule a cikinta."

Kai Ɗanlami, rufe bakinka haka nan, kada sauro ya shiga.

Rana ta uku hadari ya haɗo tun hantsi. Zomanya ta fara tsige gashin ƙirjinta, alamar haihuwa ta zo ke nan, tana zagaye ɗaki ba wurin ajiyewa. Sai ga Dila da buhun ɓawon gyaɗa, busasshe ƙarau. Tasalla ta shinshina, ba wari. Ta watsa sama, ba ƙura. Wallahi ranta ya biya, har ta kama bakin buhun za ta ja shi ɗakin zomaye. Sai ta tsaya. Ta ɗebo a tafin hannu ta ce, "Malam, saura ci. Bismillah."

Dila ya ja da baya ya ce, "Ai yau azumi nake, Inna."

Tasalla ta dube shi, ta dubi buhun. Ta tona har ƙasa. Ɓawon gyaɗa a tsakiyar damina, amma ko ƙwaro ɗaya babu a ciki? Ta zuba kaɗan a kan hanyar tururuwa. Waɗanda suka hau suka birkice, ƙafafu sama. Ashe daga rumbun da aka barbaɗa wa maganin ƙwari Dila ya kwaso shi.

Ranta ya ɓaci. Amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mai azumi ai sai da hutu. Shiga ka kishingiɗa kafin a sha ruwa." Kafin ya ce wani abu ta kifa masa buhun, ta ɗaure baki tamau. Dila ya yi ta birgima, ƙaiƙayi ya ci bayansa, yana ihu, "Inna, na tuba! Na bara ne suka yi mini daɗi!" Da ta ji haka ta ja buhun har juji ta yar. Da ƙyar ya yage ya tsere, kuma har yau in kun ga bayan dila za ku gan shi dabbare-dabbare.

To, Dila ya tafi, amma shimfiɗa fa babu, ga iska ta taso. Tasalla ta tsaya tsakar gida tana dube-dube. Can idonta ya sauka kan damin shuci da ke rataye a rumfa, wato ciyawar da ta yanko tun kaka, ta shanya, tana jiran mai baibaya ya gyara mata jinkar ɗakinta da ke yoyo. Ta sauke shi. Ta shinshina, ta karkaɗe, ta tauna tsinke ɗaya, ta ji garɗi. Ta jera karare a ƙasa don su raba shi da laima, ta baza ciyawar a kai, lufluf.

Zomanya ta ce, "Inna, ɗakinki fa?"

Tasalla ta ce, "Ni na san inda zan tara kwano. Ke shiga."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya wuni yana zuba. Tasalla ta takure a lungun ɗakinta, kwanuka sun kewaye ta, zanenta ya jiƙe, haƙoranta na haɗuwa. Da ruwan ya ɗauke, ta lallaɓa ta leƙa ɗakin zomaye. Ga 'yan jajayen abubuwa cikin farin gashi suna mutsu-mutsu, a bushe, uwar na gefe tana taunar shimfiɗarta hankali kwance. Tasalla ta zauna a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga ɗankwalinta, ta yi ta dariya har da hawaye.

Saboda haka, yara, duk dabbar da kuka ajiye amana ce a hannunku. Kada ƙamshi ko kyauta su ruɗe ku. Abin da ba za ku yarda ku shaƙa ba, kada ku shimfiɗa wa wanda ba shi da bakin ƙi.

Ƙurunƙus, kan dila a buhu. Kowa ya kakkaɓe tabarmarsa.