Rauta a Akwatin Likkafani

Magabata sun ce babu abin da ke raba uwa da ɗanta sai kabari. Magabatan ba su taɓa neman sabis a Kwarin Gauta ba.

Ku kife wayoyin nan ku saurara, don in na gama ku za ku yanke hukunci. Ni tsufa ya ɗauke mini wannan nauyi.

Kwarin Gauta gari ne da duwatsu suka sa a tsakiya. Mai son buga waya sai ya hau tudun makabarta, ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. A garin akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya huɗu. Uku suna gabanta: Lantana, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da Sallau direban tifa, da autansu Haladu, malamin firamare. Na huɗun shi ne na fari, Mudi, kuma shekara tara rabonsa da garin.

Kun san kunyar mutanen da. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye in da mutane. Inna Tabawa ta riƙe wannan fiye da yadda wasu ke riƙe salla. Ranar da Mudi ya sayar da shanun huɗar marigayi ubansu don ya tafi Katar aikin gini, ba ta ɗaga murya ba. Bango ta kalla ta ce, "A gaya wa mutumin nan ban yafe ba." Yana tsaye a bakin ƙofa, taku uku ne tsakaninsu. Aka gaya masa.

Tun daga nan yake aike. Atamfa, darduma, magani. Kome ya zo sai ta karɓa, washegari ta ce ta bayar. Shekara biyu da suka wuce ya aiko da rauta, ɗan akwatin nan mai ƙahoni biyu da ke kamo intanet daga nesa ya raba wa wayoyin gida, don ya riƙa ganin fuskarta. Ita ma ta ce ta bayar. Ba wanda ya tambayi wane mai rabo ne a Kwarin Gauta yake bukatar irin wannan sadaka.

Bayan girbi ciwo ya kwantar da ita. Likita a birni ya ce a mayar da ita gida a yi ta addu'a, kuma kowa ya san fassarar wannan. Mudi kuwa fasfo ɗinsa yana hannun masu aikin, sun ce sai ya jira sati uku. Haladu ya hau tudu ya same shi a waya, Mudi yana kuka. Ba gado yake so ba, ba gona ba. Kalma ɗaya yake so daga bakinta kafin a rufe bakin. Wani ya kawo shawarar a ɗauke ta a kai ta inda ake samun sabis. Aka bar shi ya tuna da kansa wane tudu ne.

Lantana ce ke jinyarta, ita ke mata wanka, ita ke juya ta. Ran Laraba da hantsi tana ba ta kunu, sai tsohuwar ta ture cokali ta ce, "An ce can ƙasar zafi ake yi sosai." Ba ta faɗi wace ƙasa ba. Lantana ta ajiye kofin. Shekara tara uwar nan ba ta tambayi zafin ko'ina ba. Ta kuma san cewa a ɗakin nan wuri ɗaya ne tsintsiyarta ba ta taɓa shiga ba: akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, inda Inna ta ajiye likkafaninta da turare da ruwan zamzam. Akwati ne da ba a buɗewa mai shi yana numfashi, don buɗe shi kamar ce mata ne ta yi sauri. Ga goggonni cike da tsakar gida, idonsu a kan labule.

"Inna, ki ba ni makullin akwati."

"Har kin gaji da ni?"

"Ba likkafanin nake nema ba."

Tsohuwar ta kwance makullin daga bakin zanenta. "Yana ƙasa," in ji ta. "Kada ki ɓata mini ninki."

Lantana ta ɗaga farin ƙyallen da hannu biyu. Ga rauta a kwalinta. Ƙarƙashinta ga atamfa turmi tara, ko almakashi bai taɓa su ba. Ta ɗauki rautar, ta rufe akwatin. Tana fitowa wata goggo ta ce, yadda kowa zai ji, 'ya'yan zamani ba sa jiran a tafi kafin su fara rabo. Wannan kalma ta bi Lantana har yau, akwai gidajen da in ta yi sallama akan amsa mata a taƙaice.

Sai aiki ya koma kan Haladu. Ranar ce aka sa masa jarrabawar ƙarin girma a hedikwata, wadda sai shekara uku-uku ake yi. Ya riga ya goge takalmi. Ya dubi kwalin, ya cire takalmin. Layin da ya zo da rautar ya mutu don zama, sai ya zare nasa ya sa. Lambar sirrin da ake shiga da ita tana rubuce ne a wata 'yar takarda da aka manna a gindin na'urar, amma kwalbar turaren likkafani ta yi yoyo shekara biyu a kai, ta cinye rubutun tas. Rauta ce mai ƙamshi, ba ta da wani amfani bayan wannan. Ya aro kwamfutar makaranta, ya haɗa su da igiya, ya karɓi allurar Lantana ya danna wani ɗan rami a baya, ya mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani, ya sa mata sabon suna da sabuwar lamba. Ta ƙi. Akwai wasu 'yan haruffa da kamfanin layi ke so a rubuta, shi kuwa bai san su ba. Sau uku yana hawa tudun makabarta da wayar aro yana tambaya, sau uku yana saukowa da gudu. A hawa na ƙarshe ya hangi motar da ta kwashi abokan aikinsa tana dawowa.

Duk wannan kuwa da batir ɗin Sallau ake yi, don garin kwana goma sha ɗaya babu wuta. Sallau ya tsayar da tifarsa a bakin hanya da yashin mutane a ciki, ya kwance batir ya ɗauko a ka. Shi ne ɗan lelen Inna, shi kaɗai ke sa hannu a kwanonta. Da aka gama saiti, fitilar rauta ta tsaya ja. A ɗaki ja, a zaure ja, a kan katanga ja. Sallau ya ƙara tsawon wayar batir, ya hau soro da rautar. A kusurwar gabas, in ya taka zanko ya miƙe hannu iya tsawonsa, sai ta koma kore. Ya ɗaura ta a gora, iska ta juya ta. Yana neman wata dabara Lantana ta leƙo ta ce, "Sallau, numfashin Inna ya sake." Ya jefar da gorar, ya ɗaga na'urar da hannunsa, rana tana dukansa.

A ɗaki Haladu ya danna kira, Lantana ta riƙe wayar a gaban gado. Fuska ta fito, hular kwano a hannu, furfura a gemu.

"Inna," in ji Mudi.

Tsohuwar ta juya fuskarta bango. Lantana ta ce a ranta an yi wahalar banza. Sai ta lura da ɗan madubin da ke rataye a bangon, ta ga inda idon uwar yake. Ta ɗan karkata wayar.

"A gaya wa mutumin nan ya rame," in ji Inna Tabawa.

"Inna, ki yafe mini. Don Allah, Inna."

Aka ji numfashi yana shiga yana fita. "A gaya masa na yafe, duniya da lahira. Shanun ma dama sun tsufa."

Lantana ta buɗe baki za ta isar da saƙo, don haka aka saba, Mudi ya ce, "Na ji, Lantana. Wannan karon na ji."

Liman ya shigo ya fara karatu, Mudi yana bi daga can. Tsohuwar ta motsa leɓe ta ce, "Ina Sallau?" Lantana ta miƙa wa Haladu wayar ta fito da sauri.

"Sauko, Inna na kira."

Gumi ya jiƙa rigarsa. "Yaya Mudi ya gama?"

"Yana karatu."

"In na sauko zai yanke. Ki ce mata ga ni nan zuwa."

Ta koma ta faɗa mata. Ba ta sani ba ko an ji. Daga saman soro Sallau ya ji salati ya tashi, ya san abin da ya faru, bai sauke hannun ba sai da aka nuna wa Mudi fuskarta aka rufe. Da ya sauko sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga jikin na'urar.

Bayan sadakar arba'in Mudi ya aiko da saƙo. Ashe ya daɗe da tanadar wa Inna kujerar Makka, yana jiran ranar da za ta huce. Ya ce a ba wanda ta dalilinsa ya sami gafara, su uku su daidaita, shi bai kasance a wurin ba.

Aka tara dattijai. Wasu suka ce ba don Lantana ta fahimci abin da uwar ba za ta taɓa faɗa ba, ta kuma buɗe abin da ba a buɗewa, da rautar tana nan a ƙasa har ranar wankan gawa. Wasu suka ce abin da ta ciro akwatin roba ne mai ƙamshi, Haladu ne ya mai da shi hanya, ya bar shekara uku na rayuwarsa a kai. Wasu kuma ba su kawo hujja ba, sai dai suka dubi Sallau, wanda uwarsa ta kira da numfashinta na ƙarshe, yana taku ashirin daga gadonta, bai zo ba.

An zauna sau huɗu, an ci goro da yawa. Kujerar dai ɗaya ce, kuma a jirgin alhazai ba a ɗosana wa juna.

To, ku da kuka ji, sunan wa za a rubuta?