Kumfar Sabulun da Bai Shafa Ba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai haɗa murhun gas. Gwani ne, ba a ja. Ciwonsa ɗaya: bakinsa bai taɓa iya cewa "na yi kuskure" ba.

Mijin ƙanwarsa yana da jirgin ruwa na fasinja. Ita ƙanwar ce ke dafa wa matafiya abinci a wani ɗan ɗaki can cikin jirgin. Hayaƙin gawayi ya dame ta, sai ta roƙi yayanta ya haɗa mata na gas.

To, aikin nan yana da doka, kuma ya san ta sarai. Gas ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya a jirgi ba ya tashi sama, gangarawa yake ya kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwano. Shi ya sa ake ajiye tukunyar gas ɗin a saman jirgi, cikin akwati mai huda da ke fitar da shi waje. Sannan a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa. In ta yi ƙwai, akwai yoyo.

Da ya zo ɗaurawa, sai ya ga tiyon da ya yanko ya gaza da taku biyu. Shi ya yi awon da hannunsa. Ga surukinsa tsaye, ga matuƙa suna kallo. Ya koma kasuwa a ce gwani ya yi kuskuren awo? Ina! Sai ya sauko da tukunyar, ya cusa ta ƙarƙashin murhu.

Ƙanwar ta kawo ruwan sabulu a kofi. "Yaya, ga kumfar."

"Ke za ki koya min aiki? Shekara ashirin hancina ne sabuluna."

Ya shinshina a tsaye, bai ji komai ba. Yaya zai ji, abin yana kwance wajen ƙafarsa? Zuciyarsa ta ce masa ya durƙusa ya duba. Ya ƙi, don ana kallonsa.

Washegari da hantsi yana bakin ruwa, ana ta yaba aikinsa. Ƙanwar ta ɗago masa hannu ta taga, ta sunkuya ta ƙyasta ashana.

Ba sai na faɗa muku ƙarar ba. Fasinja ba su kai ga shiga ba, suka tsira. Ita ba ta fito ba.

Yau yana nan da ransa. Ba mai ba shi aiki. Yawo yake a bakin ruwa da kofin kumfa, yana shafa wa murhun mutane ba wanda ya sa shi.

Ya 'yan uwa, tiyo taku biyu fa. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa wani ne ke ƙonewa a madadin mai shi. In ƙaraminka ya miƙo maka gaskiya, karɓa ka durƙusa ka duba.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya kiyaye na hannunmu daga sharrinmu. Amin.