Waƙar da Aka Raba Hagu da Dama

Akwai wata dattijuwa a garin Hujand na ƙasar Tajikistan mai suna Mohiniso. Tun suna da ƙuruciya ita da mijinta Nematjon suke waƙa tare a gidajen biki, shi yana kaɗa dutar, wato irin molonsu mai tsirkiya biyu, suna karɓa wa juna baiti.

Da bikin jikarsu Zebo ya matso, ɗan ƙanen Nematjon, Behruz, mai ɗakin naɗar sauti, ya ce sai ya naɗi muryarsu don a ajiye wa amarya. Nematjon ya so su zauna kusa da juna kamar kullum. Behruz ya ce yanzu ba haka ake aiki ba. Ya sa kowa a ɗakinsa da makirufonsa, ya gama, ya tura musu a waya.

Iyafis ɗaya gare su a gidan. Bayan la'asar suka zauna a gindin inabi, ya sa ɗaya a kunnensa, ta sa ɗaya a nata.

Mohiniso ta ji dutar, ta ji muryar mijinta. Ta jira tata. Har waƙar ta ƙare ba ta zo ba.

Ta san muryarta ta fara rawa in ta hau sama. Ashe har ta kai a cire ta. Ta saci kallon mijinta, ta ga yana murmushi.

"Ta yi daɗi, uwar yara," in ji shi.

Ta ce ai kuwa ta yi daɗi, ta tashi ta ɗora shayi.

Ta yanke a ranta ba za ta yi waƙa a bikin ba, tana neman yadda za ta faɗa masa. Sai shi ya riga ta. Suna cin shinkafa ya ce maƙogwaronsa ya gaji, a nemo matasa su yi. Daga ranar ya daina 'yar waƙar da yake yi in yana ba tumatir ruwa.

Wannan ya fi cire muryarta damunta. Ta yafa gyale ta tafi wurin Behruz.

Ta ce masa ba ta zo ƙorafi ba, ta san tsufa ya kama muryarta, ya kyauta da ya rufa mata asiri. Abin da take so ya faɗa mata shi ne me ya gaya wa baffansa a ɗakin nan har ya ajiye waƙa.

"Gwaggo, wace muryar na cire?"

Ya juya mata kwamfuta. Layi biyu ne kwance, ɗaya a saman ɗaya. Ya ce na sama kunnen hagu ne, muryar baffa ke nan, na ƙasa kunnen dama, tata. Dutar ne kawai ya bari a duka biyun. Sai ya tambaya da me suka saurara. Ta gaya masa.

Behruz ya dafe kai. Ita ta sa na hagu, mijinta ya sa na dama.

Sai Mohiniso ta gane. Wato shi ma muryarta kaɗai ya ji. Ya ɗauka shi aka cire, ya kalle ta ya ce ta yi daɗi.

"Ɗan nan, karatu ya yi maka yawa," ta ce tana share ido. "Mayar da mu wuri ɗaya."

Ya haɗe layukan suka zama ɗaya, yana ta ba da haƙuri. Ya ce da ya tambayi yadda suke saurare da bai raba su ba.

A gida ta bayyana wa mijinta komai a taƙaice, ta miƙa masa iyafis. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba.

"Wane tsoho ne wannan yake ɓata miki waƙa?"

"Na roƙi yaron ya cire shi, ya ƙi."

Ya yi dariya har ya sarƙe. Sannan ya ce ta dafa masa shayi da zuma, kuma ta daina jan baiti na uku, don ranar biki ba zai jira ta ba.

Darasi: Abin da kunnenka ya ji ba lallai shi ne duka labarin ba. Ka tambayi wanda kake ƙauna kafin ka haƙura a ɓoye, mai sana'a kuma ya tambayi mutane yadda suke rayuwa kafin ya nuna musu gwaninta. Ku tura wa wanda ya yi muku shiru kwanan nan.