Littafin da Aka Naɗe Ƙosai da Ƙarshensa

Akwai wata mace a wani ƙaramin gari, tela ce, sunanta Keziya. Babu abin da take ƙauna kamar karatun labari, babu kuma abin da take tsoro kamar idon mutane. In ta je sujada, bencin ƙarshe take zama, dab da ƙofa, kafin a gama gaishe-gaishe ta riga ta kai gida. Ko gaisuwa ce, sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji ta amsa. Amma ba ta littafi ka gani, sai tuwo ya ƙone a kan wuta ba ta sani ba.

Tana zaune ne da gwaggonta, tsohuwa wadda idonta ya yi rauni, ciwo kuma ya kwantar da ita tun farkon damina. Gwaggo tana da ɗa guda, Habila. Shekara bakwai ke nan da suka yi mummunan faɗa. Ya ɗaga mata murya a gaban mutane, ita kuma ta ce kada ya ƙara taka mata gida. Ya tafi, bai ƙara takowa ba, tun daga ranar kuwa ba a ambaton sunansa a gidan. Keziya ta san inda yake. Sau biyu ta hango shi a birni in ta je sayen yadi, a wata rumfar kafintoci bayan tasha, sau biyun kuma ta sunkuyar da kai ta wuce. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce a ranta, tsakanin uwa da ɗa sai Allah, wace ce ita da za ta sa baki?

Wata rana ta je sayen ƙosai, sai ta ga mai ƙosai tana yagar wani littafi daga baya tana naɗe wa mutane. Abin ya yi wa Keziya ciwo har cikin rai. Ta koma gida da sauri, ta kwaso tsofaffin takardu ta ajiye mata, ta nuna littafin da yatsa. Mai ƙosai ta yi dariya ta miƙa mata. Duk mai ya ɓata shi, bangon baya babu, shafukan ƙarshe kuwa sun riga sun bi ƙosai gidajen mutane.

Labari ne na wani saurayi da ya yi fushi da mahaifiyarsa ya bar gida. Kullum da yamma Keziya sai ta zauna a bakin gadon Gwaggo ta karanta mata. Da suka kai inda aka yage, uwar tana zaune a bakin ƙofa, ɗan yana can wata ƙasa, sai Keziya ta yi shiru.

Gwaggo ta ce, “Ci gaba mana.”

“Gwaggo, nan ya tsaya.”

Tsohuwa ta juya fuskarta wajen bango. Can ta ce, “Sake karanta mini daga farko.” Haka suka karanta shi sau uku, kowane karo kuma tambayar ɗaya ce: “To, yaron ya dawo?”

Ana nan sai aka yi sanarwa a majami'a cewa za a yi taron masu karanta labaran Kirista a birni ranar Asabar, marubuta za su zo, har da Mama Afiniki, wadda ta rubuta wannan littafin. Da Gwaggo ta ji, sai ta kama hannun Keziya.

“Ki je ki tambayo ta.”

“Ni, Gwaggo?”

“To ni ce zan je? 'Yar nan, kwanakina ba su da yawa, ke ma kin sani. Ina so in ji ko yaron ya dawo.”

Ranar Asabar Keziya ta roƙi maƙwabciya ta zauna da Gwaggo, ta naɗe littafin a ɗankwali, ta shiga mota. Direba ya ja kunnen kowa cewa motar ƙarshe mai komawa gida ƙarfe huɗu take tashi, wanda ya makara sai ya kwana a birni.

Da ta shiga zauren taron, sai ta ja ta tsaya. Jama'a maƙil! Mata rukuni-rukuni cikin anko, ana runguma, ana hoto, ana gardama a kan wane labari ya fi sa kuka. A bakin ƙofa aka tambayi sunanta, sai da ta faɗa sau uku kafin a ji, aka rubuta a takarda aka manna mata a ƙirji. Ji ta yi kamar an ɗora ta a kan tebur a tsakiyar kasuwa.

Sai dabara ta zo mata. Me zai sa ta yi magana da marubuciya, alhali ga rumfunan littattafai jere? Ta sayi sabo, ta karanta ƙarshen, shi ke nan. Ta bi rumfa-rumfa tana duba bango da ido har rana ta yi tsaka, ba ta gani ba. Daga ƙarshe ta buɗe gefen ɗankwalin ta nuna wa wani dattijo mai rumfa. Ya girgiza kai ya ce, “Wannan ai an daɗe da daina buga shi. Sai dai ki tambayi mai shi, ga ta can.”

Ga ta can kuwa a gaba, tsohuwa mai furfura da sanda a gefenta. Aka fara zaman tambayoyi. Mai gabatarwa ya ce wanda ba ya son tashi ya rubuta tambayarsa ya jefa a kwando. Kai, Keziya ta ji daɗi! Ta rubuta, ta jefa, ta koma bayan wani ginshiƙi ta tsaya. Amma ashe masu kunya suna da yawa, kwando ya cika fal. Aka karanta ta wannan, aka karanta ta wancan, tata ba ta fito ba. Mai gabatarwa ya duba agogo ya ce, “Lokaci ya ƙure. Tambaya ɗaya ta ƙarshe, duk wanda abin ya dame shi ƙwarai ya ɗaga hannu.” Mai ɗauke da abin magana ya zo ya wuce ta gabanta, har rigarsa ta goge ta. Hannunta ya yi nauyi kamar turmi. Wani mutum ya karɓa ya tambayi Mama da wane irin biro take rubutu. Keziya ta ji haushin kanta har hawaye ya zo mata.

Saura dama ɗaya: layin masu son Mama ta sa musu hannu a littafi. Aka ce Mama za ta tafi ƙarfe uku. Keziya ta shiga layi. Ta duba gaba, ta duba baya, kowa na riƙe da sabon littafi fes, yana ƙyalli, ita kuwa nata warin tsohon mai yake yi. Ta ce a ranta, in na ajiye wannan a gaban matar nan, ai na ci mutuncinta. Za ta ce haka na wulakanta aikinta. Da layi ya matso sai ta ja gefe ta ce wa ta bayanta, “Wuce.” Ya sake matsowa, ta sake cewa, “Wuce.” Kada ku yi mata dariya, jama'a, da yawanmu a nan mun iya wannan wuce ɗin.

Sai aka ji murya a lasifika: “Mutum biyar na ƙarshe, sauran ku yi haƙuri.” Keziya ta ƙirga. Ita ce ta shida.

Tana kallo Mama Afiniki ta sa hannu a na biyar, ta rufe biro, ta dafa sanda ta miƙe. Aka raka ta waje. Keziya ta bi daga nesa. Aka buɗe ƙofar mota. Mama ta sa ƙafa ɗaya a ciki. A nan ne Keziya ta ga fuskar Gwaggo a juye wajen bango, ta ji muryarta tana cewa, to, yaron ya dawo?

“Mama!”

Ita kanta ba ta san muryarta ta kai haka ba. Duk wanda ke filin ya waiwayo. Ta taho a gaban idon kowa, ta durƙusa, ta kwance ɗankwalin.

“Mama, ki yi haƙuri da yadda yake. Ƙarshensa ne babu. An naɗe ƙosai da shi.”

Wasu suka tuntsire da dariya. Mama Afiniki ba ta yi ba. Ta fitar da ƙafarta daga mota, ta karɓi littafin da hannu biyu tana juya shi.

“'Yata, tun safe nake sa hannu a littattafan da ba a ko buɗe ba. Wannan an karanta shi. Wa kike karanta wa?”

“Gwaggona. Ba ta da lafiya. Ta ce in tambaye ki ko yaron ya dawo.”

“Ya dawo. Amma ba da kansa ba. Kunya ta hana shi zuwa, zuciya ta hana uwar aikawa. Da an bar su, da haka za su mutu. Wata maƙwabciya ce da ta san inda yake ta je ta kira shi.”

Keziya ta ce, “Me ta ce masa?”

“Ba wata doguwar magana. Cewa ta yi, taso, ana jiranka.” Mama ta dube ta da kyau. “Me ya sa kike kuka?”

Keziya ta share hawayenta. Ta yi godiya, ta karɓi littafinta, ta fita da gudu. Ƙarfe uku da rabi ta wuce lokacin da ta isa tasha, ana ta kiran sunan garinsu, saura kujera kaɗan. Ta wuce motar, ta zaga baya wajen rumfar kafintoci. Ga Habila yana goge katako, abokan aikinsa kewaye da shi, duk suka ɗago suna kallonta. Ƙafarta ta so ta juya kamar yadda ta saba.

“Yaya Habila, Gwaggo tana kwance. Taso, ana jiranka.”

Habila ya ɗago ya ce, “Ita ta aiko ki?”

“Ba ta aiko ni wurinka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma sau uku na karanta mata labarin yaron da ya bar gida, kullum tambayarta ko ya dawo.”

Habila ya ajiye abin da ke hannunsa. Ko ƙurar katakon da ke jikinsa bai tsaya kaɗewa ba.

Suka sami motar ƙarshe, rana tana shirin faɗuwa suka isa gida. Gwaggo ta ji motsi ta ɗago kai.

“Keziya, ke ce? Kin tambayo? Yaron ya dawo?”

“Ya dawo, Gwaggo. Ga shi a bakin ƙofa.”

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: kowannenmu littafi ne da ba ya ganin ƙarshensa, Ubangiji kuwa shi ne Marubucin, shi ya san shafin da ya ɓace mana. Amma maimakon mu zo gabansa, sai mu yi ta zagaya rumfuna, muna ɓoye kanmu don mun yi datti, mun yage. Ba ya ƙyamar yagaggen littafi. Matambayi ba ya ɓata, ka zo da naka yadda yake.

Sai dai ku lura, amsar da Keziya ta samu ba ta zaman jin daɗi ba ce, aike ce. Kunya ado ce, ban hana ku ba. Amma kunyar da za ta sa ka san inda ɗan'uwanka yake shekara da shekaru ka yi shiru, wannan ba ladabi ba ne, tsoro ne, kuma wani yana shan wahala saboda shi. Na san akwai wanda ke zaune a nan yau da ya san rumfar da wani Habila yake, ya kuma san gadon da ake jiransa. Motar ƙarshe ba ta tashi ba tukuna. In mun yi addu'a mun tashi, kada ka wuce gida. Je ka kira shi.