Saniyar Nababa da Kunun Inna Larai

Akwai wani dattijo mai suna Nababa a wani ƙauye tsakanin Minjibir da Zakirai, a shekarun nan na fari da gero ya ƙone tun bai fitar da kai ba. Maƙwabtansa duk sun rabu da dabbobinsu, wasu ta hanyar kasuwa, wasu ta hanyar wuƙa. Shi kaɗai ya rage da farar saniya a turke, da ɗan maraƙinta, tana ba da madara.

Wannan saniya ita ce rawaninsa. Domin ta ya sassare rassan gawon gonarsa har bishiyar ta koma kamar kan da wanzami ya gama da shi. Domin ta yake jan guga bayan guga a rijiyar unguwa, alhali mata na tsaye da tuluna suna jiran ruwa ya taru. In aka yi masa magana sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Gidan da babu madara ai zango ne, ba gida ba."

Ana cikin wannan hali ɗansa Muntaka ya kawo 'yarsa Rukayya yaye, kamar yadda al'ada ta tanada. Ya damƙa ta a hannun kakarta Inna Larai, ya wuce ci-rani.

Inna Larai ta jiƙa tsamiya, ta ɗebo gyaɗa za ta dama wa yarinya kunu. Nababa ya tarar da ita a bakin turmi.

"Me za a yi da wannan?"

"Kunun yaye mana, Malam. Da shi na yaye ubanta."

"Lokacin ba ni da saniya. Jikar mai saniya ta sha ruwan gyaɗa? Me za a ce da ni a ƙofar masallaci? Buhun gyaɗa ɗaya ma ya rage, kuma shi zan sayar in sayo dusa."

Ya ɗauki yarinya ya ɗora a cinya. "Zo nan, amaryata. Rabu da tsohuwar nan, ni abincin sarakuna zan ba ki."

Safe da yamma ya tatsa da hannunsa, a tafasa, a ba ta. Ba a jima ba cikin yarinya ya fara kumburi da ƙugi, sai gudawa ta biyo baya. Nababa ya ce haƙori ne. Da ta ƙi tsayawa, ya ce kewar uwa ce. Da idanun Rukayya suka faɗa, wuyanta ya zama kamar sillen kara, sai ya yanke hukunci cewa madarar ce ba ta isa ba, ya ƙara mata ludayi.

Ku lura da kyau, ya ku masu karatu. Mutumin nan yana ƙaunar jikarsa ƙauna ta gaskiya. Girman kai ne kurum ya tsaya tsakaninsa da abin da idonsa ke gani.

Ana nan sai aka aiko masa da rasuwar wani amininsa a Zakirai, ya tafi zaman makoki. Saniyar kuwa ba ta yarda da hannun kowa sai nasa. Inna Larai ta matso da ƙwarya, saniya ta kai mata harbi, ƙwarya ta yi sama. Tsohuwa ta tashi ta kakkaɓe zaninta.

"To, ke kika ce," in ji ta. Ta nufi buhun gyaɗa.

Ta soya sama-sama, ta murje, ta daka, ta tace ruwan fari tas. Ta dama da ɗan garin gero da tsamiya, tana ba yarinya kaɗan-kaɗan.

Ranar da Nababa ya dawo, ya iske Rukayya a tsakar gida tana bin kaji da tsinken kara. Gudawa ta tsaya.

"Kin gani ko, Larai? Madara ba ta ƙarya. Haƙuri kawai take so."

"Wace madarar? Tambayi saniyarka, ga shaidar kofatonta a ƙwaurina. Tun fitarka maraƙi ne ke shan abinsa. Kunun gyaɗa yarinyar nan take sha."

Nababa dai bai sallama ba. "Dacewa aka yi. Ciwon ne dama ya zo ƙarshe."

Da yamma ya tatsa, aka tafasa, ya ba ta da hannunsa. Kafin hantsin washegari ciki ya koma ƙugi. Yarinya ta kwanta lamo a tabarma, ya kira sunanta, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ranar kuwa ranar kasuwa ce, ga shi dusa ta ƙare. Ya riga ya ɗaure buhun gyaɗa a bayan jaki lokacin da Inna Larai ta fito zaure da yarinyar a kafaɗa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, buhun nan baki ɗaya zai ciyar, ko na saniya ko na wannan. Muntaka da ƙafafunta ya kawo mana ita. In ya dawo kai za ka yi masa bayani, ni ba ni da bakin."

Nababa ya daɗe riƙe da igiyar jaki. Ya waiga ya dubi saniyar, haƙarƙarinta a waje duk da abin da ta ci masa. Ya dubi hannun Rukayya yana reto a bayan kakarta. Daga nan sai ya kwance igiya, ya saɓi buhu da kansa, ya mayar da shi bakin turmi.

"A daka mata."

"Saniya fa?"

"Fulanin da suka sauka bakin fadama kudu za su yi. Ta bi su can inda ake da ciyawa. In da rabo ta dawo."

"To kai da ba ka shan fura sai da nono?"

Ya share gumi da bakin rigarsa. "In kin dama mata, ki bar mini na ƙasan tukunya."

Da ruwan shuka ya sauka Muntaka ya dawo gida. Ya sunkuya zai ɗauki 'yarsa da hannu ɗaya kamar yadda ya saba, sai da ya haɗa da na biyu.

Darasi: Madarar shanu ni'ima ce, babu mai hankalin da zai kushe ta. Sai dai masana lafiya sun tabbatar da cewa akwai cikin da ba ya narkar da ita, kuma a shekarar ƙarancin ruwa, abin da saniya take ci da sha ba ƙarami ba ne. Gyaɗa da waken suya da muke rainawa su ma Allah Ya sanya albarka a cikinsu. Kada mu auna abinci da abin da mutane za su ce. Mu auna shi da jikin mai ci da kuma ƙarfin ƙasar da ke ciyar da mu. Yaro kuwa in gudawa ta kama shi, a gaggauta kai shi asibiti. Duk wanda ya karanta, ya daure ya isar wa 'yan'uwa, musamman iyaye da kakanni.